Kafin ka sayi makirufo don naɗar fiyano a ɗakinka

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura nake zaune. Na koyi fiyano da kaina don sha'awa, kuma ina da Yamaha P-45 a ɗaki. So nake in naɗi abin da nake kaɗawa, fiyano zalla, ba waƙa ba ganga. In na ɗauka da waya sai sautin ya fito siriri, ga ƙwas-ƙwas ɗin maɓallai, ga wani gurnani a ƙarƙashi. Na tara 'yan kuɗi zan sayi makirufo, wanne ya dace? Sannan an yi mini tayin wani tsohon fiyanon katako irin na tsaye. In na saya, zai fi?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Fiyanon da ke ɗakinka ba ya buƙatar makirufo ko ɗaya, kuma in ka saya ka kafa masa, gurnanin da ƙwas-ƙwas ɗin za su ƙara fitowa ne tangaran, tunda makirufo mai kyau ba ya zaɓen abin da zai ji.

P-45 ba shi da tsirkiya a ciki. Sautin babban fiyano ne aka naɗa tun daga masana'anta aka ajiye masa, kai kuma in ka danna maɓalli sai ya fito da shi. A cikin injin sautin yana da tsabta. Inda yake fara lalacewa shi ne wajen fita: sifiku biyu ne ƙanana, faɗin kowace santimita 12, ƙarfinta wat 6. Maɓallin farko na hagu a fiyano mai maɓallai 88 yana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa, na ƙarshe a dama kuma sau 4186. Sifika mai wannan girman ba ta iya ture iskar da za ta fitar da ƙasan nan, shi ya sa ka ji ya siranta. Daga nan sautin ya bugi bangon siminti da tayil ya dawo, ya cakuɗu da ƙarar fanka da ta robar maɓallai, sannan ya shiga waya. Ita kuma waya don magana aka yi ta. Tana da tsarin da ke ɗaga sauti in ya yi ƙasa, ya danne shi in ya yi sama, da wani da ke share duk abin da ya ɗauka hayaniya ce. To fiyano zalla, daɗinsa gaba ɗaya yana cikin tazarar da ke tsakanin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi, da kuma jelar sautin nan da ke mutuwa sannu-sannu bayan ka ɗaga hannu. Waya tana baje tazarar, jelar kuma ta ɗauke ta a matsayin datti ta yanke.

Mafita ita ce kada sautin ya shiga iskar ɗakin sam. Hanyoyi biyu ne, kuma za ka iya haɗa su a zama ɗaya.

Ta farko ita ce ta kebul. P-45 ba shi da mafitar sauti ta daban, sai ramin hedifon da ke bayansa, amma ya wadatar. Ka nemi kebul mai babban jek guda mai zobe biyu a gefe ɗaya, wanda ya rabu gida biyu a ɗaya gefen, hagu da dama. Ka kai su cikin akwatin nan da masu situdiyo ke kira sawun-kad, mai mashiga biyu, irin su Behringer UMC202HD ko Focusrite Scarlett 2i2, shi kuma ya shiga kwamfuta ta USB. Ka sa mashigan a matsayin layi, ba na gita ba, ka kashe maɓallin 48V domin na makirufo ne. Ƙarar fiyanon ka kai ta wajen kashi biyu cikin uku, sauran ka daidaita daga sawun-kad ɗin. Da ka cusa jek ɗin sifikun fiyanon za su yi shiru, sai ka riƙa ji ta hedifon ɗin da ka jona a sawun-kad. Ko babur ya wuce ta ƙofar gida, ko yara na guje-guje a tsakar gida, babu abin da zai shiga.

Ta biyu ita na fi so maka, ita ce MIDI. Wannan tsari tun 1983 yake, kuma ba sauti yake ɗauka ba. Abin da yake rubutawa shi ne wane maɓalli ka danna, yaushe, da wane ƙarfi a ma'aunin 1 zuwa 127, yaushe ka saki, yaushe ƙafarka ta taka feda. Kebul ɗin USB irin na firinta kawai ake buƙata daga bayan fiyanon zuwa kwamfuta, ko sawun-kad ba dole ba ne da farko. Bayan ka gama kaɗawa sai ka ɗora wa rubutun muryar fiyanon da ka ga dama. Akwai Pianoteq na kamfanin Modartt da ke Faransa, wanda ba naɗaɗɗen sauti yake amfani da shi ba, lissafa motsin tsirkiya da katako yake yi, saboda haka saukar da shi ba ya cin data kamar sauran da ke kai gigabayit da yawa, kuma ana iya gwada shi kyauta kafin a saya. Akwai Salamander Grand Piano, kyauta ne, daga Yamaha C5 aka naɗo shi. Manhajar naɗi kuwa, Reaper tana ba ka kwana 60 na gwaji, lasisinta na mai amfanin kansa dala 60 ne, kuma ba ta wahalar da tsohuwar laftof. In ka riga ka saba da FL Studio kamar yawancin yaranmu na situdiyo, ita ma za ta yi. Audacity tana da kyau wajen ɗaukar sauti ta kebul, amma ba ta naɗar MIDI, kada ka ɓata dare a kanta.

Abu ɗaya da ke korar mutane daga MIDI shi ne jinkiri: ka danna, sai sautin ya biyo baya da ɗan taƙi, hannu ya rikice. A Windows maganinsa direban ASIO ne, wato manhajar da ke kai sauti kai tsaye tsakanin manhajar naɗi da na'urar sauti, da rage bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 128 ko 256. In kwamfuta tana ɗaukar gutsuren sauti 48,000 a daƙiƙa, jinkirin bafa 128 bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba, kunne ba ya kama shi. In kwamfutar ta fara kakarewa, akwai dabara mai sauƙi: ka kashe sautin kwamfuta, ka saurari fiyanonka kai tsaye yayin da kake kaɗawa, kwamfutar tana rubutawa a gefe. Sai dai ka sani cewa hannu yana bin abin da kunne ke ji ne. In ka kaɗa kana jin P-45, sannan ka ɗora wata murya, wani lokaci wuraren da ka yi a hankali sai su fito da kaifi. Kowace manhajar fiyano tana da wurin lanƙwasa yadda take karɓar ƙarfin bugu. Ka zauna da shi yini guda, ka gyara har ya zama in ka taɓa a hankali ya yi raɗa, in ka sauke hannu da ƙarfi ya buɗe ba tare da ya yi tsawa ba. Wannan zaman ya fi kowane makirufo amfani a wurinka.

Kuma in fedar da kake takawa 'yar ƙaramar nan ce mai kusurwa huɗu da ke zuwa cikin kwali, nan ne wurin fara kashe kuɗi. Ita kunnawa da kashewa kawai ta sani, ga ta da sulɓewa a kan tayil. Yamaha FC3A tana gane rabin taku, P-45 kuma yana karɓarta. A kiɗan da babu ganga babu murya, ƙafa tana yin kusan rabin aikin.

Batun gurnani. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in ta samu kafa ta shiga sauti, a 50 ɗin za ka ji ta, da 100, da 150. Matsalar ita ce G na can ƙasa a fiyano yana kan 49. Wato in ka ce za ka yanke gurnanin da manhaja bayan an gama, da naman kiɗanka za ka haɗa. Tun a tushe ake hana shi. Gidajenmu da yawa ba a binne musu wayar ƙasa ba, ko an binne ta bushe, ga caja ta bayan fage, ga inbata mai arha wadda wutarta ba santsi gare ta ba, tana sa kaya su riƙa zuzz. Gwajin farko: zare cajar laftof, ka bar ta a kan batir. Sau da yawa nan take ake samun shiru. In ka haɗa kebul ɗin USB da na sauti a lokaci guda ka ji wani siririn tsiwa mai bin motsin mawus, to zagaye ne wutar ta samu tsakanin na'urorin biyu. Ka jona komai a soket guda, in bai tafi ba ka naɗi MIDI kaɗai, tunda shi rubutu ne, gurnani ba ya kama shi. In sola kake da ita, ka tabbatar inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce. Janareta kuwa, ko ba ƙararsa, hawa da saukar wutarsa ba abin da zan jona wa fiyano ba ne ba tare da sitabilaiza ba.

Yanzu ga inda nake yawan saɓawa da 'yan'uwana masu situdiyo, a nan Katsina da Kano duka. Hannunsu ya faɗa a kan kiɗan fim da na biki, inda fiyano yake tafiya tare da ganga da amshi, kuma a can sun iya aikinsu. Amma in ka kai musu fiyano zalla, abu uku za su yi masa kafin ka zauna: su ja kowane bugu su ɗora shi daidai kan layin awo, su matse shi da kwamfuresa, mai rage tazarar da ke tsakanin ƙaramin sauti da babba, don ya yi ƙara, su zuba masa amsa-kuwwa har ya nutse. Na farkon yana kashe numfashin kiɗan, domin ɗan jinkirin da ka yi kafin ka sauka kan jimla, da ɗan saurin da ka yi a tsakiya, su ne kai a cikin kiɗan. Na biyun aikin wayar nan ne da ka gudo daga gare shi. Na ukun kuma ɓoye kuskure yake, ya ɓoye daɗin tare. In za ka ƙara amsa-kuwwa, ka zaɓi ta ƙaramin zaure mai jelar daƙiƙa ɗaya da rabi zuwa biyu, ka ɗaga ta har ka fara jin ta, sannan ka ɗan mayar da ita baya. In manhajar fiyanon tana da tata a kunne, kada ka ɗora wata a kai.

Gyara ba haramun ba ne a wannan sana'a. Glenn Gould, ɗan Kanada, ya daina kaɗawa a gaban jama'a a 1964 ya koma situdiyo, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana haɗa ɗauka da ɗauka ba. Yatsa ya goge maɓallin kusa, ka share shi a MIDI, ba wanda zai kai ka ƙara. Abin da nake hana mutane shi ne su zauna suna gyara kowane bugu har kiɗan ya zama na inji. Ka kaɗa daga farko zuwa ƙarshe sau uku ko huɗu ba tsayawa, ko ka yi kuskure ka wuce, ka bar su su kwana, da safe ka zaɓi wanda ya fi rai. In za ka haɗa biyu, ka yanka a daidai inda ƙafa ta saki feda, can ne ɗinkin ba ya nunawa. Ka bar daƙiƙa biyar na shiru kafin ka fara, ka kuma bar bugun ƙarshe ya mutu da kansa kafin ka miƙa hannu ga kwamfuta.

Sai fiyanon katako. Ba zan ce kada ka saya ba, domin in yana da lafiya, abin da hannu ke koya a kansa ba a samunsa a roba. Amma yanayin Katsina ba ya raga masa. A cikinsa akwai tsirkiya wajen 230, jan da suke yi gaba ɗaya ya doshi tan 18, kuma duk suna zaune ne kan wani siririn allon katako mai ɗan doro, wanda shi ke fitar da sautin. Masu ƙera shi suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Mu nan a tsakiyar hunturu takan faɗi ƙasa da 20, a watan Agusta kuma ta haura 70. Duk wanda ya zauna da makaɗan kalangu ya san yadda fata ke sakewa da damina ta ɗaure da rani. Katakon fiyano ma haka yake shan iska, sai dai shi da damina yake kumbura sauti ya hau, da hunturu ya motse sauti ya sauka. Shekara da shekaru ana wannan, allon yakan tsage, ƙusoshin da ke riƙe tsirkiya su yi sako-sako a cikin katakonsu. In suka saki, ko an saita shi yau, kafin sati ya koma gidan jiya, kuma gyaran ya fi kuɗin fiyanon.

Saboda haka kafin ka biya, ka je da waya mai manhajar awon sauti. Danna A na tsakiya, ya kamata ya nuna 440. In ya sauka da rabin mataki ko fiye, an daɗe ba a taɓa shi ba, kuma ɗaga shi sai an yi zama biyu, wata tsirkiyar ma ta tsinke. Bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu tsirkiya uku-uku gare su, in ka ji ɗaya yana kuka kamar murya biyu masu faɗa, ƙusa ta saki. Buɗe murfin sama da allon ƙasa ka haska tocila: garin katako alamar gara ce ko ƙwaro, ulun kan gudumomi kuma asu da ɓera suna cinsa. Leƙa bayansa ka duba tsaga. Sannan tambayar da ta fi duka: wa zai riƙa saita shi? Masu wannan sana'a galibi suna Legas da Abuja da Jos, kai za ka ɗauki kuɗin motarsu da masauki, kuma a yanayinmu aƙalla sau biyu a shekara, bayan hunturu ya zauna da bayan damina ta zauna. Fiyanon da bai da saiti, babu makirufon da zai rufa masa asiri. In ka saya, kada ka jingina shi da bangon da rana ke duka, ko kusa da taga, kuma ka bar shi sati biyu ko uku ya saba da ɗakin kafin a saita.

A nan ne makirufo zai shigo, kuma tare da shi ɗakinka zai shigo. Ɗakunanmu na haya sha biyu sha biyu ne, wato wajen mita 3.7 kowane gefe. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, in ka yi lissafi za ka ga irin wannan ɗaki yana kumbura sautin da ke wajen 47 da 94, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ninki biyu ne. Shi ya sa wasu maɓallan hagu, wajen F mai kaifi da G, za su riƙa yin ruri, na kusa da su kuma su ɓace. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓa wannan, ado ne kawai da gidan kyankyaso. Abin da ke aiki shi ne abu mai kauri da nauyi: katifa a tsaye a kusurwa, kafet da darduma a kan tayil, labule mai nauyi da aka bar masa tazara da bango, kantar littattafanka na makaranta. In kuwa kana da dangi a cikin gari masu tsohon soro na ƙasa, je ka tafa hannu a ciki ka ji. Bangon ƙasa mai kauri yana tare ƙarar waje, fuskarsa ba sumul take ba balle ta wullo sauti kamar siminti, rufin azara ba ya ƙara kamar kwano, zafi da laima kuma ba sa hawa da sauka da sauri a ciki. Na fi son naɗi a irin wannan ɗaki a kan falon tayil da silin roba.

Don farawa, ƙaramin rikoda mai makirufo biyu a kai, kamar Zoom H1n ko Tascam DR-05X, ya ishe ka, da batir yake aiki, ba ruwansa da wutar gida. Ka kashe masa tsarin daidaita ƙara da kansa. Jawo fiyanon daga bango kamar taku ɗaya, buɗe murfin sama, ɗora rikodan a kan sanda, ba a jikin fiyanon ba, sama da kanka kaɗan yana leƙen cikin. In ya matso sosai za ka ji gudumomi da ƙugin feda, in ya yi nisa ɗakin zai rinjayi kiɗan. Tsakanin rabin mita da mita ɗaya ake samun wurin, da kunne ake nemansa, kana matsawa tafin hannu ɗaya kana sake ɗauka. Wasu fiyanon tsaye ta baya suka fi daɗi, inda allon yake a fili, ka gwada can ma. In daga baya ka sayi ƙananan makirufo biyu na kwandensa, irin masu saurin jin sauti da ake amfani da su a situdiyo, tsarin da gidan rediyon Faransa ya fitar wajen 1960 har yau yana aiki: santimita 17 tsakanin kawunansu, a buɗe su digiri 110. Bayan ka ɗauka ka haɗe hagu da dama su zama ɗaya ka saurara, tunda yawancin masu jinka a sifikar waya za su ji. In ƙasan ya ɓace, matso da su kusa da juna.

Lokaci kuma sai ka yi dabara. Fanka dole a kashe, wanda a Afrilu da Mayu ba ƙaramin hukunci ba ne. Da dare janaretocin maƙwabta ne, da rana Keke Napep da masu talla. Bayan an fito daga asuba zuwa kafin yara su fara shirin makaranta shi ne mafi shiru da sanyi. Ka san lokutan kiran salla na masallatan unguwarku ka tsaya kafin su, don girmamawa da kuma don lasifika tana ratsa kowane bango.

Ko ta kebul ko ta makirufo, ka ɗauka a bit 24, wato zurfin awon kowane gutsuren sauti, gutsure 48,000 a daƙiƙa in da bidiyo za ka haɗa, 44,100 in sauti ne kaɗai. Buga wurin da ya fi ƙarfi a kiɗan, ka saita yadda allurar ma'aunin ƙara, wanda sifili ne ƙololuwarsa, ba za ta wuce -12 ba. Zai yi maka kamar ya yi ƙasa, ba komai, a bit 24 ɗagawa daga baya ba ta kawo shuu, amma abin da ya bugi sifili ya fashe ya fashe ke nan. Minti ɗaya na WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, a haka yana cin wajen megabayit 17, ka tanadi wuri, kuma ka ajiye fayil ɗin MIDI daban a filashi, domin bayan shekara biyu in ka samu muryar fiyano da ta fi, sai ka sake ɗora masa ba tare da ka sake kaɗawa ba. Da ka gama, ka ɗaga duka har ƙololuwar ta tsaya a -1. Zai fi waƙoƙin da ke wayarka yin ƙasa, haka fiyano yake; YouTube da Spotify ma suna rage masu ƙarar ne su daidaita su da saura. In za ka tura wa abokai ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin dokumen, kada ka kunna ka ɗauka da saƙon murya.

In kiɗan wani kake kaɗawa, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin mawallafi har shekara 70 bayan rasuwarsa. Na su Bach da Chopin sun daɗe da fita, naɗinka naka ne, ko da na'urar YouTube ta yi kuskure ta ce na wani kamfani ne, kana da damar ƙalubalanta. Waƙar fim ko ta wani mawaƙi mai rai kuwa, in za ka sa ta inda ake samun kuɗi, nemi izini tukuna.

Wani abu kuma da MIDI zai tona maka: in ka ga maɓalli ɗaya kullum yana fitowa a 127 ko da a hankali ka taɓa shi, ba hannunka ba ne. Ƙurar hunturu ce ta shiga ƙarƙashin robar da ke auna bugu. Mai gyaran kibod zai buɗe ya goge ta cikin awa guda. Daga nan ka samo zane mai kauri ka riƙa rufe fiyanon duk lokacin da ka tashi, har cikin damina.